Daɓen Jirgin Hoyt

Lokacin da aka yanke wa Hoyt Tidwell ƙafar dama daga ƙasan gwiwa, ganyen itatuwa bai gama zuba ba a arewacin Georgia. Ciwon suga ne ya ci ta, daga wani ɗan gyambo a babban yatsa wanda ya raina. Ya dawo daga asibiti a keken guragu, aka ajiye shi a bakin tagar ɗakin girki, nan kuwa ya cinye lokacin sanyi gaba ɗaya. Ƙanwarsa Lorene, wadda gidanta ke tsallaken hanya, ita ke kawo masa abinci safe da yamma, ta wanke masa ciwon, ta sake ɗauri. Matarsa ta daɗe da rasuwa. 'Yarsa tilo, Twila, tana aikin jinya a birnin Macon, sai ƙarshen wata take samun leƙowa.

Ta wannan tagar ana hango jirginsa na kamun kifi a kife bayan rumfa. Ƙaramin jirgin alminiyam ne mai shimfiɗaɗɗen ciki, koren fentinsa duk ya kwaile, da benci uku a gicciye. Tun Hoyt yana saurayi yake tare da shi. Wata safiya Lorene ta shigo ta tarar ya juya kekensa ya ba tagar baya.

"Auta," ya ce, don har ta haura sittin bai daina kiranta haka ba, "ki gaya wa Odell ya zo ya kwashe wancan tarkacen. Ya kai wa 'yan gwangwan."

"Wane tarkace, Yaya?"

"Kin san abin da nake nufi. Mai ƙafa ɗaya ba ya tsallaka benci, ba ya kuma dogarawa ya ja igiyar inji. An gama wannan."

Ta zuba masa gahawa, ta fita.

Lorene ba ta san aikin jirgi ba, ba ta kuma taɓa son kamun kifi ba. Abin da ta sani shi ne kafet, domin a masana'antarsa ta ƙare ƙuruciyarta, har ƙurar zaren ta bar mata tari. Amma ta san ɗan'uwanta. Ta ga yadda ya daina aske gemu, ya daina kunna rediyo, abinci ma sai dai ya tsakura. Ta tabbata ranar da jirgin nan ya bar gidan, ba zai daɗe a bayansa ba.

Ta je wurin Odell Gaither, maƙwabcinsu, tsohon ma'aikacin lantarki mai ƙaton ciki, wanda suka taso tare da Hoyt. Ta gaya masa abin da ke ranta: a cire bencunan, a yi daɓe shimfiɗaɗɗe daga gaba har baya, a sa injin da ba a jan igiyarsa.

Odell ya sosa ƙeya. "Akwai masu aiki da batir. Maɓalli kawai zai taɓa. Dama madatsar ruwan garin nan ba a yarda a shiga da injin fetur ba, ga ta kusa, ga kifi. Amma shi ya sani?"

"Zai sani idan ya ji ƙarar guduma."

Suka juya jirgin su biyu, suka ɗora shi a kan matokaran katako cikin rumfa. Rina sun yi gida a ƙarƙashin benci, ɓeraye sun cinye soson da ke ciki. Lorene ta share, ta kankare, ta wanke. Kwanaki tana wannan aiki Hoyt bai tanka ba, ita ma ba ta ɗauko zancen ba. Sai ranar da ta dawo da falankai a bayan a-kori-kura, irin masu launin kore da ake jiƙawa da magani don kada su ruɓe. Tana cikin saukewa ta ji an banko ƙofar baya.

"Mayar da su!"

Hoyt ne, ya turo kekensa har bakin baranda, karon farko da ya leƙo waje tun dawowarsa.

"Maganin da ke jikin katakon nan cin alminiyam yake yi. Shekara guda, jirgin ya zama rariya. Wa ya ba ki wannan shawarar? Wancan mai tumbin?"

"Ni na ba kaina. Kai ba 'yan gwangwan ka ce a kai wa ba? Ina ruwanka da ya zama rariya?"

Ya yi ta huci. Can ya ce, "Kada kuma ki taɓa bencin tsakiya sai an sa ƙarfen da zai riƙe haƙarƙarin jirgin. In kika cire shi haka, gefe da gefe za su buɗe."

"To, sai ka sauko ka nuna mini."

Washegari Odell ya kafa masa gangara daga baranda zuwa ƙasa. Daga ranar rumfar ta zama wurin zaman Hoyt, da bargo a cinya, yana ba da umarni yana kushe duk abin da aka yi. Suka cika jirgin da ruwa don su ga inda yake yoyo. Lorene ta kwanta a ƙarƙashi da alli tana zagaye duk ƙusar da ta ga tana ɗiga. Da suka zubar da ruwan, ita ta tokare kowace ƙusa da guntun ƙarfe ta ciki, shi kuma ya riƙa bugawa ta waje daga kan kekensa. Hannunsa ya yi rauni, guduma tana kuɓuce masa, amma da yamma ya cinye abincinsa tas, har ya nemi ƙari.

Odell ya kawo injuna biyu na lantarki, sirara, kowanne da 'yar farfela. Ɗaya na baya ne, ana tuƙa shi da hannu. Ɗayan na gaba ne, da abin takawa a ƙasa. Ya ɗaga abin takawar ya nuna wa Hoyt.

"Ka gani, tsoho? Ƙafa ɗaya yake buƙata. Kamar don kai aka ƙera shi."

Lorene ta zaci zai fusata. Amma sai ta ji Hoyt ya fashe da dariya har da tari.

"Ɗan banza. Kai da ke da biyu me ka tsinana da su? Rabonka da ganinsu ma tun yaushe, da wannan cikin naka?"

A kan tsayin daɓen ne suka yi saɓani. Lorene ta so a shimfiɗa shi ƙasa ƙasa. Hoyt ya kafe sai an ɗaga na gaba ya zo daidai bakin jirgi, a kafa kujera a kan sandar ƙarfe, kamar yadda manyan jiragen masu gasar kamun kifi suke.

"Jirgin nan siriri ne, Hoyt," in ji Odell. "In ka hau sama zai yi rawa."

"Ni za ka gaya wa halinsa? Ba zan zauna a ƙasa kamar buhun dankali ba, mutane suna wucewa suna leƙo ni."

Lorene ta dubi fuskarsa. Rabon da ta ga yana son wani abu haka har ta manta. Ta ce, "A yi masa yadda yake so."

Aka yi ƙashin daɓen da sandunan alminiyam, aka yanka katako marar magani, ta shafe shi da mai hana ruwa shiga, gaba da baya da gefuna. Odell ya ja wayoyi ta ƙarƙashi, ya ɗaure batura. Shimfiɗa kafet kuwa babu wanda ya sa mata baki. Ta shafa gam, ta ja, ta lanƙwasa kusurwoyi, ko tamoji ɗaya babu. Hoyt ya shafa da tafin hannu, ya rasa abin kushewa, sai ya ce launin ne bai yi masa ba.

A cikin watan Maris aka ba shi ƙafar roba, ya fara takawa da sanda. Bai jira ya saba da ita ba. Wata safiya mai sanyi suka ja jirgin zuwa madatsar ruwa. Odell ya sauke su, ya tsaya a gaɓa wurin mota. Sai da Lorene ta rantse ba za ta kunna inji ba kafin Hoyt ya yarda ya sa rigar ceto.

Ta zauna a baya ta murɗa hannun injin. Jirgin ya zame a kan ruwa ba ƙara ba hayaƙi, sai ɗan kukan farfela kamar na sauro. Hoyt yana can sama a kan kujerarsa, ƙirji a buɗe, yana taka abin tuƙi da ƙafar hagu, hancin jirgin yana bin duk inda ya so. Ya kai su wajen wasu kututture da suka leƙo daga ruwa, ya jefa fatsa. Lorene tana jin jirgin yana karkata duk sanda ya motsa, amma ta haɗiye maganarta.

Ba a jima ba sandar fatsar ta lanƙwashe. Hoyt ya manta da komai, ya miƙe tsaye kamar yadda ya saba tun yana yaro. Ƙafar robar ta goce. Jirgin ya kwanta gefe guda, ruwa ya kwararo ciki, kafin Lorene ta buɗe baki ya tafi da ka.

Rigar ceton ta taso da shi. Ruwan Maris sanyinsa kamar wuƙa, bakinsa a buɗe yake amma numfashi ya ƙi shiga. Lorene ta rarrafa ta cafki wuyan rigar. Ta gwada jawo shi ciki, bakin jirgin ya sake nutsawa, ta gane in ta matsa su biyun za su kife. Sai ta ja shi ta gefe zuwa inda hannunta ɗaya zai kai ga injin baya, ta kwanta ruf da ciki, ta murɗa shi har ƙarshe.

"Yaya, kama bakin jirgin! Ja ƙafarka nesa da farfela! Ka ji ni?"

Idanunsa suna kanta, leɓɓansa sun fara yin shuɗi. Injin yana jan su a hankali, a hankali, kamar ba za a taɓa isa ba. Yatsunta suka mutu, ba ta jin ko tana riƙe da shi, sai dai ta duba ta gani. Odell ya shigo ruwa har ƙirji da takalmansa, ya rungume shi, ya ja shi tudu. Ƙafar robar ta zare ta nutse, ba a sake ganinta ba.

Sanyin ya sauka a huhunsa. Aka kwantar da shi a asibiti da robar iska a hanci. Twila ta iso daga Macon da kayan aikinta a jiki, ta shiga ta ga mahaifinta, sannan ta fito ta sami Lorene a kan benci.

"Gwaggo, ke da hankalinki? Mutumin da bai iya zuwa banɗaki shi kaɗai ba, shi kika ɗora a kan sanda a tsakiyar ruwa?"

Lorene ta sunkuyar da kai.

"Kullum ina ganin irinsa suna mutuwa a hannuna saboda abin da bai kai wannan ba. Na bar miki shi don na yarda da ke. In ya tashi, Macon zan tafi da shi."

Duk abin da yarinyar ta faɗa, Lorene ta riga ta faɗa wa kanta.

Washegari ta shiga rumfa da ƙarfen ɓanɓara. Ta fara da kujerar, ta kwance ta ta yi jifa da ita waje. Ta ɗaye kafet ɗin da ta yi alfahari da shi, ta ɓanɓare katakon, ta kwance sandunan. Niyyarta in ta gama ta kira 'yan gwangwan da kanta. Da rana ta yi tsaka jirgin ya koma fanko, ita kuma ƙarfinta ya ƙare, ta zauna a cikinsa a ƙasa, ta jingina da gefe, ta yi kukan da ba ta yi a asibiti ba.

Tana zaune a nan ne ta tuna mahaifinsu. In iska ta taso suna kan ruwa, yakan ce su sauka daga benci su zauna a ƙasan jirgi, nan da nan rawar ta ragu. Ta dubi inda bakin jirgin ya zo mata, daidai kafaɗa. Mutum a nan ko ya so faɗawa ruwa sai ya yi da gaske.

Odell ya same ta tana gwaji da igiyar awo, idanu a kumbure.

"Lorene, ki bari haka nan. Kin yi iya yinki."

"Ban yi ba. Ka faɗa mana gaskiya, na ƙi ji don ina son in ga ya yi murna. Kawo injin hudarka."

Wannan karon babu mai ba da umarni daga kan keke, aikin ya tafi shiru. Suka shimfiɗa daɓen a kan haƙarƙarin jirgin, ƙasa sosai. Suka mayar da baturan tsakiya don nauyi ya zauna daidai, suka cusa sabon soso a duk wani rami. Ta samo kujera mai faɗi da hannuwa, ta yanke ƙafafunta, ta ɗaure ta da noti a tsakiyar daɓen. Odell ya kafa ƙarfen dafawa a gefe biyu, ya kuma ƙara wa jirgin akwatunan iska a baya don ya daina nutsar da gindi. Ragowar kafet ɗin bai isa ba, sai da ta yi haɗi a tsakiya, haɗin kuma yana nunawa. Ta bar shi haka.

Suka kai shi ruwa mara zurfi, ta sa Odell a kujerar ta ce ya yi duk haukan da zai iya. Ya leƙa dama, ya leƙa hagu, ya miƙe, ya faɗa da ƙarfi. Jirgin ya yi 'yar rawa ya tsaya.

"In bai kife da ni ba," in ji Odell yana haki, "ko saniya aka ɗora ba zai kife ba."

An sallamo Hoyt a cikin Afrilu, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Twila ta ɗauki hutu ta zauna da shi, tana haɗa kayansa a kwalaye kaɗan kaɗan. Lorene ta ci gaba da kawo abinci, ita da Twila sai gaisuwa. Wata rana da yarinyar ta fita sayen magani, Hoyt ya kama hannun ƙanwarsa.

"Auta, na ga kujerar a jefe a waje."

"Na sauke daɓen. Yanzu a ƙasa za ka zauna."

Hoyt ya ce, "So na yi in an hango ni daga nesa a ce wancan Hoyt ne, ba abin da ya same shi. Na kusa tafiya da ke saboda wannan." Ya saki hannunta. "Twila ba za ta bari in sake shiga jirgin ba. Ni ma ba zan roƙe ta ba, ta sha wuya da ni."

Lorene ce ta roƙe ta. Ta same ta tana shanya, ta ce, "Ban ce ki bar shi ya shiga ba. Ke nake so ki shiga. In kin fito kika ce a'a, magana ta ƙare, ba za ki sake ji daga bakina ba."

Twila ta so ta ƙi, amma kunyar gwaggonta ta hana. Suka je da la'asar su biyu. Ta zauna a kujerar mahaifinta, ta jijjiga ta, ta ja ƙarfen dafawa, ta duba kowane noti kamar mai duba majiyyaci. Lorene ta tuƙa su zuwa tsakiya ta kashe injin. Ruwan ya kwanta, wani zalɓe yana tsaye a bakin gaɓa.

"A nan ya koya mini sa tana a ƙugiya," in ji Twila. "Ina kuka ina cewa tana jin zafi, shi yana dariya." Ta share ido da bayan hannu. "Gwaggo, ƙodarsa ta fara gazawa. Bai sani ba tukuna. Ko na kai shi Macon, ba wani abu zan iya yi masa ba, so nake kawai ya kasance inda zan gan shi."

Lorene ta dube ta. Ta ce, "To, ki gan shi a nan."

Suka zauna a nan har rana ta fara sauka. Da suka juyo, Twila ta ce a nuna mata yadda ake tuƙa injin baya.

Ranar Asabar ta gaba suka kawo shi. Odell da Twila suka ɗaga shi daga keke suka zaunar da shi a kujerar, aka ɗaure masa rigar ceto bai yi musu ba. Ya laluba da ƙafar hagu har ya sami abin takawa. Da nauyin baturan, jirgin mutum biyu kawai yake ɗauka. Lorene ta riƙe igiya har Twila ta zauna a baya, sannan ta jefa mata, ta tura hancin jirgin da ƙafa.

"Ke fa, Auta?" in ji Hoyt.

"Ni dama ban taɓa son warin kifi ba. Ku tafi."

Ta koma ta zauna a bayan a-kori-kura kusa da Odell. Daga nan kan Hoyt da kafaɗunsa kawai ake gani a saman bakin jirgin. Da yake injunan ba su da ƙara, muryoyinsu suna isowa gaɓa sarai ko da suka yi nisa. Yana ce mata ta yi dama sosai, tana ce masa shi ne yake karkatar da hancin. Can suka ji ya ce ba haka ake jefa fatsa ba, wa ya koya mata wannan, ta ce shi ne.

Odell ya buɗe gorar gahawa ya miƙa wa Lorene. Ta karɓa ta kurɓa.

Sun dawo da tarwaɗa biyu da ba su kai a nuna wa mutane ba. Lorene ta soya su da garin masara, Hoyt ya ci rabin ɗaya ya yi barci a kan kekensa.

Twila ba ta tafi da shi Macon ba. Ta nemi canjin aiki zuwa wani ƙaramin asibiti kusa da gida, ta kwance kwalayen da ta haɗa. Duk bazarar nan da kakar da ta biyo baya, ranar da jikinsa ya yarda sukan fita ruwa, wani lokaci da ita, wani lokaci da Odell. Daga baya ya daina jefa fatsa, sai dai a zagaya da shi ya dubi gaɓa. Ya rasu a cikin watan Janairu, a gadonsa, da rana, 'yarsa da ƙanwarsa suna ɗakin.